Ranar da Na Kasa Ɗaga 'Yata

Shekarun baya, lokacin 'yata ba ta isa shiga makaranta ba, na kusa halaka kaina da aikin gida don kada a raba ni da ita. Da yawanku kun sha tambayata me ya sa yarinyar take Hausar Katsina alhali a unguwar New Bell ta nan Douala aka yanke mata cibiya. Nakan yi dariya in kau da zancen. Yau dai jikina da ɗan dama, bari in ba ku labarin.

Ni 'yar Douala ce ta ƙasar Kamaru, gaba da baya. Kakana ne ya zo da fatauci ya zauna, mu kuma muka tashi da boko na Faransanci. Aikin sakatariya nake yi a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa, da takalmina mai tsini da jakata, ina ji da kaina. Mijina kuwa Bakatsine ne, ya zo neman kuɗi, yana sayar da takalma da jakunkuna a kasuwar Dakar da ke cikin garin. Muna haya a wani gida da ke ƙasa-ƙasa, bayan ɗakinmu akwai babbar kwata, wadda a nan muke ce wa rigol.

Wata damina zazzaɓin sauro da taifot suka haɗu mini. Aka kwantar da ni, aka yi ƙarin ruwa, aka sallame ni. Zazzaɓi ya tafi, ƙarfina bai dawo ba. Kada ku ɗauka irin gajiyar da kuka sani ce, wadda mutum zai watsa ruwa ya kwanta ya tashi garau. Ni in yi barci in tashi kamar an kwana ana dukana. Maƙogwarona kullum a kumbure, kaluluwa a wuya da hammata. Duk wanda ya yi atishawa a layinmu, ni zan kwashi murar in riƙe ta wata da watanni. In ɗauki waya in manta wa zan kira. Na yi gwajin jini har na gaji da miƙa hannu, amsar dai ɗaya ce: "Tout est normal, madame," wai komai lafiya lau. A ofis aka fara yi mini kallon mai ƙiwa, daga baya na ajiye aikin da kaina kafin a kore ni.

Wata likita ce ta zaunar da ni ta gaya mini sunan abin da Faransanci, ta ce ciwon gajiya ne mai daɗewa wanda hutu ba ya warkarwa, kuma garkuwar jikina ta rikice. Ta ce babu allurar da za ta cire shi, sai lallaɓawa. Sannan ta ja mini kunne a kan abin da ni ma na riga na lura da shi. Ciwon nan ba ya kama ni a ranar da na yi aiki. Zai ƙyale ni in yi shara, in yi wanki, in je kasuwa, har in ce ai na warke. Sai washegari ko jibi ya zo ya danne ni, ko cokali in kasa ɗagawa.

Sai na koyi zama da shi. Aiki ɗaya da safe, ɗaya da yamma, komai a zaune. A zaune nake yanka albasa, a zaune nake yi wa yarinyar wanka. Sauran yinin muna kan gado, tana wasa da murafen kwalba tana yi mini surutu, rabi Hausa rabi Faransanci. Ba rayuwar da na so ba ce, amma muna tare, kuma ba ta taɓa kwana da yunwa ko datti ba.

Rannan maigidan ya dawo daga kasuwa, ya ci abinci bai ɗago kai ba. Da ya wanke hannu ya ce, "Yaya za ta zo dubiya."

Yayarsa ke nan, babbar gidansu, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Na ce, "Daga Katsina? Ta keto iyaka, ta hau jirgin ƙasa, ta hau mota, don dubiya kawai?"

Ya kau da kai. Na ce, "Maigida, ka dube ni."

Sai ya faɗa. A danginsu 'yar fari ta gwaggo ce, da an yaye ta ake kai ta. Shi ne ya yi ta ja da uzurin nisa. Yanzu labari ya isa gida cewa matarsa a kwance take, yarinya ba mai kula da ita. Yaya ta ce za ta zo ta gani da idonta.

Na ce, "To ka ce mata a'a mana."

Ya ce, "Ki rufa mini asiri. 'Yar fari ce fa. Ni ko sunanta ba na iya faɗa a gaban Yaya. Da wane bakin zan ce mata ina son 'yata, kada ta ɗauka?"

Na so in jefe shi da kwanon da ke gabana, amma ko ƙarfin jifan ba ni da shi. Na kira mahaifiyata da ke unguwar Logbaba wajen yayana, ina tsammanin za ta tayar da hankali. Sai ta ce, "Kul! Kada ki kuskura ki buɗe baki a kan yarinyar nan gaban dangin uba. So kike a ce boko ya cinye miki kunya, ban yi miki tarbiyya ba?"

Na ce, "To Mama, in zuba ido a tafi da ita?"

Ta ce, "An ce mata ba ki da lafiya. Ki nuna mata kina da ita. In ta ga kina tsaye da ƙafafunki, ita ma za ta ji nauyin raba ku."

Nan na zauna na tsara dabarata, ni ga mai wayo. Yaya ba za ta daɗe ba, an ce ranar Alhamis za ta sauka, Asabar da sassafe ta juya. Na san halin ciwona. In na yi aikin ƙarfi ranar Juma'a, kafin ya zo kamuna tana cikin mota ta nufi Yaoundé. In ya so ya kwantar da ni wata guda, babu komai, 'yata dai tana gefena. Kwanakin da suka rage na yi su a kwance, labule a sake, ba na amsa waya, ina tara ƙarfi kamar mai tara ruwan famfo kafin a ɗauke.

Yaya ta iso da yamma. Doguwar mace ce, ba ta da yawan magana, tana kallon mutum ta saman tabarau. Ban ga mugunta a fuskarta ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta kwance tsaraba, kuka da daddawa da kilishi, da ɗan hijabi da takalmi na yarinya. Tana ciro kayan ne na hango wata 'yar jaka sabuwa a ninke a ƙasan akwatinta, babu komai a ciki. Na gane ta zuba kayan 'yata ce. Na yi murmushi na ce, "Yaya, har da wahala haka? An gode."

Ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya, ta duba faratanta, ta duba bayan kunnuwanta, ta shafa kanta. Ni kuma na kau da kai kamar ban san 'yar waye ba, yadda ake so.

Juma'a tun da asuba na tashi. Na share gidan har tsakar gida, wadda rabona da ita tun kafin in kwanta. Na dama kunu, na soya ƙosai a tsaye. Famfo ya ɗauke, na ɗauki bokiti na nufi rijiyar gidan. Maƙwabciyata, wata 'yar ƙabilar Bamilike mai soya fanke a bakin titi, ita ce ta fi kowa sanin halin da nake ciki. Ta gan ni da bokiti a kai ta saki baki.

"Ma sœur! Tu veux mourir? 'Yar'uwa, mutuwa kike so ki yi? Kawo, kawo nan!"

Na zare mata ido na nuna ɗaki da haɓa. Ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta girgiza kai ta ce a hankali, "Ashia," wato sannu.

Da hantsi Yaya ta ce tana son ganin rumfar ƙanenta. Na ce ni zan raka ta. Muka hau babur, muka ratsa cunkoso da hayaƙi, muka zaga kasuwa layi-layi cikin zafin nan na Douala mai manne wa mutum riga a jiki. Maigidan ya gan ni tsaye a bakin rumfa da kwandon kifi a hannu, fuskarsa ta canza. Ya san abin da nake yi, ya kuma san abin da zai biyo baya. Ya buɗe baki, na riga shi: "Yau sai Yaya ta ci gasasshen kifin Douala."

Muna dawowa na ɗora tuwo, na kaɗa miya, na gasa kifi, na wanke yarinya na yi mata kitso. Kunnuwana na ƙara, zuciyata na bugawa har a wuya. Duk bayan ɗan lokaci sai in ce zan zaga, in shiga banɗaki in kwanta a kan siminti in rufe ido, in na ji numfashina ya dawo in watsa wa fuskata ruwa in fito da fara'a. Yaya na zaune da carbinta tana bi na da ido.

Ta ce, "Amarya, ai ce mana aka yi ba kya iya tashi."

Na ce, "Mutane da ƙari, Yaya. Ɗan zazzaɓi ne ya taɓa ni, ya wuce."

"Ya wuce?"

"Sarai."

Bayan magariba ina ɗaki na ji ta tana magana da ƙanenta a falo. Ta ce, "Matarka ai ta fi ni lafiya. Gida tsaf, yarinya tsaf. Ban ga abin da zai sa in ɗauke ta yanzu ba. A bar ta ta ƙara wayo." Na cusa fuskata cikin matashi don kada a ji ni. Ban san ko dariya nake yi ko kuka ba. Na ci nasara, saura gari ya waye ta tafi.

Ba a yi isha ba ruwa ya sauko. Wanda ya zauna a Douala ya san ruwanmu, ba ya zuwa da sallama kuma ba ya sallama. Gari ya waye yana zuba. Babu babur ɗin da zai shigo layinmu, maigidan ya kira tashar mota aka ce babu tashi yau. Yaya ta mayar da akwatinta gefe ta ce, "Allah bai yi ba. Sai ya ɗauke."

Yinin Asabar na yi shi da ƙyar da jan jiki. Na ce kaina ke ciwo, na zauna jingine da bango ina tsince shinkafa, hannuna na zubar da rabinta. Ina jin abin yana tahowa. Wuyana ya fara kumbura, hasken ƙwan lantarki yana soka mini ido, in Yaya ta yi magana sai na daɗe kafin in gane me ta ce. Addu'ata ɗaya ce, ruwan ya tsagaita kafin jikina ya tona ni.

Safiyar Lahadi na buɗe ido na san an gama. Kamar an zuba mini siminti a jiki ya bushe. Maigidan ya fita tun duku-duku, an kira shi ruwa na shiga rumfuna. Ina jin Yaya can ƙofar gida ita da maƙwabciyata suna jan buhunan yashi suna tare ruwan titi. Kwanon rufi na ƙara kamar ana zuba masa tsakuwa. 'Yata na barci a kan 'yar katifarta a ƙasa, ɗan nesa da gadona.

Kowa ya tafi tare ruwan gaba, babu wanda ya tuna da kwatar baya. Wari na fara ji. Na juya ido na ga baƙin ruwa yana shigowa ta ƙasan ƙofar baya, yana tafe da ledoji da ɓawon rake. Yana tafiya a hankali a kan ledar ɗaki, ya nufi katifar. Kuma tsakaninsa da katifar akwai doguwar wayar wutar da muke jona fanka, kanta a ƙasa, fanka na juyawa. Ranar da ake son a ɗauke wuta, ranar ba a ɗauke ba.

Na ce, "Yaya." Ni kaina ban ji muryata ba. Na ce wa hannuna ya tashi, ya ƙi. Soket ɗin na can bangon ƙofa, ko da lafiyata sai na taka. Na tattara abin da ya rage mini na mirgino daga gado, na faɗo a kan kafaɗa. Na ja ciki. Tazarar da yaro zai tsallake da taku biyu, ni sai da na huta a tsakiya, kuncina a ƙasa, ina kallon ruwan yana matsowa.

Na kai gare ta. Na zura hannuwana ƙarƙashinta na ɗaga. Ba ta motsa ba. Yarinyar da na goya, na yi wa wanka shekaranjiya, na ɗaga ta sama tana dariya don Yaya ta gani. Na sake gwadawa, hannuwana suka saki. Ta farka ta ga ruwa ta fasa kuka.

Na ce, "Tashi ki hau gado. Maza, hau gado."

Maimakon haka sai ta ƙanƙame wuyana. "Maman, lève-toi! Tashi!"

"Sake ni ki hau gado!"

Ta ƙara riƙewa. Ruwan ya taɓa ƙafata, sanyi ƙalau. Saura kaɗan ya kai kan wayar. Ban san inda muryar ta fito ba, amma na ƙwala ihu, na kira sunan yarinyar, sunan da ban taɓa furtawa gaban dangin ubanta ba, na haɗa da na Yaya. Sai ga ta a ƙofa, zane jiƙe, ba tabarau. Kallo ɗaya ta yi. Ta fizge wayar daga bango, fanka ta tsaya, ta sunkuya ta ɗauke yarinyar da hannu ɗaya ta ɗora a kan gado. Sannan ta ce, "Amarya, tashi mana!"

Na ce, "Ba zan iya ba, Yaya."

Ita da maƙwabciyata suka cicciɓe ni kamar buhu. Ruwan bai wuce idon sawu ba a ƙarshe. Har yau in na tuna sai in ji wani iri, ruwan da ko akuya ba zai ci ba.

Da la'asar ruwan ya janye ya bar mana laka da wari. Yaya ta kwashe, ta wanke, ta canza mini kaya, ta goya yarinyar har ta yi barci. Sannan ta zauna a bakin gado da kofin kunu tana ba ni da cokali, don hannuna ba ya kai wa baki. Da kofin ya ƙare ta tambaye ni.

"Tun yaushe?"

Na gaya mata komai, ina yi ina hutawa. Taifot ɗin, gwaje-gwajen, maganar likita, yadda ciwon ke bari sai jibi.

Ta ce, "To duk wancan aikin na ranar Juma'a, da kasuwa, da kifi?"

Na ce, "Don kada ki tafi da ita." Kunyar ma ta riga ta bi ruwa, sai na ƙarasa. "'Yata ce, Yaya. Ina son ta. Ba na son a raba mu."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta ce, "Ke kina ganin ban san ana son ɗan fari ba? Ni ma nawa aka ɗauka, na yi shiru, aka yabe ni." Ta gyara goyon. "Na gaya wa ƙanena na fasa, kuma ban janye ba. Ba zan ɗauke ta da ƙarfi ba, wallahi. Abu ɗaya zan tambaye ki. In ruwan nan ya sake shigowa ba na nan, wa zai ɗaga ta?"

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na fara lalube a raina. Maigidan yana kasuwa daga safe zuwa dare. Mahaifiyata ta tsufa, ita ma riƙe ta ake yi. Maƙwabciyata na bakin titi da kaskonta. Na ce a raina zan ɗage wayar wuta, zan riƙa kwantar da ita a kan gado. To ranar da za ta jawo tukunya fa? Ranar da za ta fice titi in kasa bin ta? Na riga na san bayan abin da na yi wa jikina, zan daɗe ban miƙe ba. Damina kuma yanzu ta fara, kuma damina a Douala ba ta da ranar tafiya.

Maigidan ya shigo jiƙe sharkaf, ya ji abin da ya faru, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Yaya ta ce, "Kai ba da kai nake ba. Ita nake jira."

Na dubi ƙafafun yarinyar da ke lilo a bayan Yaya. Na ce, "Ki tafi da ita. Har damina ta wuce."

Da bakina na faɗa, babu wanda ya tilasta ni. Wannan 'yar jakar da na tsana, ni na riƙa faɗa daga kwance abin da za a saka a ciki.

Ranar tafiyar matan layinmu suka shigo sallama. Jikina ya fi na ranar ruwan muni, haske ba ya barina buɗe ido, na juya fuskata bango. Aka kawo ta ta yi mini sallama. Na laluba na taɓa kitson da na yi mata, magana ta ƙi fita. Suka fita. Ina jin ta daga ƙofar gida tana cewa, "Maman, zo mana. Maman, viens." Na yi yunƙuri, na rantse muku na yi. Ko kaina ban iya rabawa da matashi ba.

Sai na ji wata dattijuwa a tsakar gida tana cewa, "Kai, yarinyar nan akwai kawaici. 'Yar boko ce amma dubi, ko leƙowa ba ta yi ba. Uwarta ta iya tarbiyya." Sauran suka amsa. Har waya aka yi wa mahaifiyata ana yaba ni. A duk abin da ciwon nan ya yi mini, babu wanda ya ƙona mini rai kamar wannan yabon.

Damina ta wuce ban tashi ba. Wata daminar ta zo ta wuce. Aka sa ta makaranta a can, aka ce kada a katse mata karatu, ni ma ban ga bakin musu ba. Muna waya, da farko tana kuka, daga baya tana gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, Faransancin ya zube. Sai da muka bar New Bell muka koma Logbaba, gida a kan tudu kusa da yayana, jikina kuma ya ɗan daidaita, sannan Yaya da kanta ta kawo ta. Tana gab da gama firamare, ta kusa kamo ni tsawo. Ta riƙe ta riƙon tsakani da Allah, ba zan ci haƙƙinta ba.

Ciwon yana nan har gobe, mun dai san juna. In kun tambaye ni ko na yi nadamar wancan wasan da na yi ranar Juma'a, ban yi ba. Duk uwar da aka nuna wa jakar da babu komai a ciki za ta ɗauki bokiti. Abin da na daina shi ne cewa na samu sauƙi alhali ban samu ba, ko wa zai ji haushi. Kuma roƙona gare ku, in kun je duba mai irin wannan lalura kuka same shi ya tashi ya ɗaura ɗankwali yana muku dariya, kada ku fita kuna cewa lafiyarsa ƙalau. Ku koma jibi ku gani.

Ba a daɗe da dawowarta ba, wata yamma ina zaune ina yi mata kitso, ta ba ni baya. Ba ta juyo ba ta ce, "Maman, ranar da zan tafi, me ya sa ba ki fito ba?"

Na ɗauka ta manta. Na yi mata bayani yadda za ta gane, na ce jikina ne ya ƙi, na yi ƙoƙari na kasa, ina jin muryarta har babur ya tashi.

Can ta ce, "Ni na ɗauka fushi kika yi. Kin ce in sake ki in hau gado, na ƙi, na riƙe miki wuya. Na ɗauka shi ya sa kika bayar da ni."

Duk shekarun nan ina ganin ni kaɗai nake kwana da wannan ranar. Na ajiye matajin, na juyo da ita, na ce mata ba ta yi laifin komai ba. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Faransancin da ta manta, na sake faɗa. Kitson nan ba mu gama shi ba sai washegari.